Mamman Shata: Makaɗin Da Fada Ba Ta Mallaka Ba

Hanyar motar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Daura, ta cikin Ɗambatta da Kazaure ta bi. A bakinta na kudu, watau Kano, Allah ya karɓi ran Alhaji Mamman Shata ranar Juma'a 18 ga watan Yuni, 1999. A bakinta na arewa kuwa, watau Daura, aka binne shi. Garuruwan nan biyu na sarauta ne, saboda haka mai karatu yana iya zaton mutumin da ya ƙare kwanansa tsakanin fada da fada makaɗin fada ne. To, ba haka abin yake ba. Wanda ke son ya san inda Shata ya fito, da irin mutanen da suka ɗaga shi, sai ya sauka daga mota a tsakiyar hanya, a ƙasar Ɗambatta, inda gona ke bin gona, ƙauye ke hangen ƙauye, inda kuma bayan an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa, samari da 'yan mata suka saba fita dandali da farin wata a buga musu kalangu. Ba a nan aka haife shi ba, amma a irin wannan dandali ya koyi sana'arsa, kuma manoma da direbobi da 'yan tireda da mahauta, irin waɗanda ke cika kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, su ne suka fara sanin darajarsa tun kafin wani sarki ya kira shi ƙofar gidansa.

Domin a gane nauyin abin da ya yi, wajibi ne a tuna yadda kiɗa yake a ƙasar Hausa sa'ad da ya taso. Kiɗa sana'ar gado ce, ɗa ya tarar da ubansa yana yi shi ma ya ɗauka, kuma kowace ganga tana da masu ita. Tambari na sarki ne, ba a buga wa kowa shi. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Gangar noma ta manoma ce, dundufa ta maƙera, kalangu kuwa na mahauta ne da wasan 'yan mata. Makaɗin da ya fi kowa daraja shi ne na fada, domin ubangidansa ne ke ci da shi, ya ba shi gida da gona da doki da riga, ya yi masa aure, wani lokaci har ya naɗa masa rawani. Shi kuwa abin da zai biya da shi shi ne muryarsa: ba ya yi wa wani waƙa sai da yardar ubangida, abokin gabar ubangida kuwa abokin gabarsa ne ko da bai taɓa ganinsa ba. A kan wannan tsari Ibrahim Narambaɗa ya zauna wajen Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, Salihu Jankiɗi ya zauna da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Musa Ɗanƙwairo kuma ya gaji kotso a gidan ubansa a Maradun. Waɗannan gwanaye ne da babu mai ja da fasaharsu, amma kowannensu yana da ƙofar da zai kwana a bayanta.

Shata bai gaji kiɗa ba ta uwa ko ta uba. An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafillace ne wanda kakanninsa suka fito daga Sanyinna ta ƙasar Sakkwato. Mahaifiyarsa Lariya ita ma Bafillatana ce, mutuniyar Tofa ta ƙasar Kano. A irin wannan gida roƙo abin kunya ne. Uban ya sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, kuma abin da ya so shi ne ɗansa ya zama manomi ko ɗan kasuwa, ya ci guminsa, ba ya riƙa bin ƙofofin mutane yana kirari a jefa masa kwabo ba. Saboda haka da yaron ya nuna alamar karkata ga waƙa, bai sami goyon baya a gida ba ko kaɗan. A wurin makaɗan gado kuma shi ɗan haye ne, watau wanda ya tsallako cikin sana'ar da ba ta gidansu ba. Ke nan tun daga farko ba shi da uban da zai ba shi ganga, ba shi da maigidan da zai koya masa, ba shi kuma da fadar da ke jiransa.

An gwada shi da kasuwanci. Ya yi tallan goro, daga baya ya yi na alewa, amma ciniki bai zauna a hannunsa ba, domin abin da ya samu sai ya rabar wa mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a kan hanya, ya koma gida hannu rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa da cewa ya yi shata da su. Daga nan wani ɗan'uwansa mai suna Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Shata, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka. Wannan hali na sakin hannu bai rabu da shi ba har tsufa, kuma yana da nasaba da labarin da ake bayarwa a nan, gama mutumin da kuɗi ba su daɗe a aljihunsa ba, kuma bai damu da su daɗe ba, yana da wuyar saye.

Makarantarsa ta waƙa ita ce dandalin Musawa. Bayan cin abincin dare samari kan taru a yi kiɗan asauwara, a yi rawa, a yi waƙe-waƙen nishaɗi da na ba'a, ba domin kuɗi ba. A nan Mamman ya fi sa'o'insa saurin baki da ƙarfin murya, har aka fara gayyatarsa ƙauyukan kewaye. Abin lura shi ne gangar da ya riƙe. Kalangu ba shi da wata martaba a idon masu sarauta, ganga ce ta bakin rumfar fawa da ta gaɗar 'yan mata, amma tana da abin da sauran ba su da shi: makaɗi na matse tsirkiyarta a hammata ya sassauta, sai ta hau ta sauka kamar harshen mutum, ga ta da sauƙin ɗauka, ga shi kuma babu wata doka ta al'ada da ta ce ga wanda za a buga wa ita kaɗai. Ganga ce ta kowa. Shata bai taɓa sauya ta ba. Da ita ya fara a gaban 'yan matan ƙauye, da ita kuma ya tsaya daga baya a gaban sarakunan yanka.

Ba daidai ba ne a ce bai yi iyayen gida ba, domin ya yi su, kuma na farkonsu ɗan sarauta ne. Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, yana aikin En'e a Bakori a wajen sayen auduga da gyaɗa, shi ne ya kira shi ya koma can da zama. A Bakori Shata ya yi auren fari, a nan kuma ya tsayar da ƙungiyarsa ta makaɗa da 'yan amshi. Amma zaman nasa da Inde bai zama irin na makaɗin fada da sarkinsa ba. Bakori masauki ce kawai. Daga can yakan ɗauki mutanensa su shiga duniya, yau suna wannan kasuwa, gobe suna wancan biki, har suka kai Katsina, suka kuma shiga Kano karo na farko a ƙarshen shekarun 1940. Wuraren da ya yi wasa a wannan lokaci ba wuraren da mutumin kirki na wancan zamani zai so a gan shi ba ne: tashar mota, da bakin kasuwa, da barikin 'yan ci-rani, da gidajen magajiya, da wuraren shaye-shaye. Babu wanda ya ɗauki muryarsa a waɗannan shekaru, kuma waƙoƙin ƙuruciyarsa da yawa sun tafi tare da waɗanda suka ji su.

Kanon da ya tarar gari ne da ke tafasa. Kuɗin gyaɗa sun fito da sababbin attajirai waɗanda ba su da rawani amma suna da abin kyauta, motocin haya sun fito da direbobi masu suna, kuma a ranar 8 ga watan Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin, cikin samarin da suka kafa ta har da Magaji Ɗambatta da mawallafin waƙoƙin nan Mudi Sipikin. Waƙoƙin 'yan wannan jam'iyya ba ta gidan rediyo suka yaɗu ba, daga baki zuwa baki suka bi, kuma an sha gurfanar da magoya bayanta gaban alƙali a kan maganar da hukuma ta ɗauka cin mutuncin sarauta ce. Zamani ne da talaka ya fara jin cewa shi ma yana da suna wanda ya isa a ambata a bainar jama'a. Wannan iska ta taimaki Shata ƙwarai, domin irin mutanen da makaɗan fada ba za su dube su ba, su ne kasuwarsa.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarautar Kano kimanin 12 suka yi aure a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga wannan biki ne tauraronsa ya fito fili. Ga al'ada, wannan ita ce ƙofar da kowane makaɗi ke fata: a gan shi, wani babba ya ɗauke shi, ya zauna a inuwa ya huta da yawo. Shata ya karɓi kyauta, ya yi abokai a cikin 'ya'yan sarki, sa'an nan ya koma bakin hanyarsa.

Garin da ya zaɓa ya zauna ma ya nuna halinsa. A 1960 ya tashi daga Bakori ya koma Funtuwa, ya yi kusan shekara 40 a can har ƙarshen ransa, ko da yake yana da gida a Kano. Funtuwa ba birnin sarki mai sanda ba ne. Garin jirgin ƙasa ne da injin gurzar auduga, mahaɗar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina, cike da baƙi daga kowace kusurwa, inda ba a cika tambayar mutum asalinsa ba. Makaɗin da ke zaune a irin wannan wuri yana iya kwana Gusau yau, jibi a gan shi a Kaduna, ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Daga nan ya yi wa duk wanda ya ga dama waƙa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa Hassan Sarkin Dogarai, ya yi wa Sarkin Bori Sule, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da sojoji da mata masu zaman kansu, ya yi wa dazuzzuka da namun daji, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba zuwa wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A kundinsa ɗan sarki da ɗan bori suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma sau da yawa waƙar talakan ta fi ta basaraken daɗi da daɗewa a bakin jama'a.

Yadda yake shirya waƙa shi ma ya bambanta da na fada, kuma a nan ne ya kamata ɗalibai su tsaya su lura. Makaɗan fada sukan zauna da mataimakansu su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna, jagora ya ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, kowa ya san inda zai shiga. Aiki ne mai kyau kamar saƙar tsamiya, amma yana bukatar lokaci da zama wuri ɗaya, abin da sai mai ubangida ke da shi. Shata ba shi da wannan hutu. Abin da yake yi shi ne ya ba 'yan amshinsa gajeren amshi, jimla ɗaya tak, su riƙe ta suna maimaitawa, makaɗa su kafa kiɗa, shi kuma ya riƙa zubo magana nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a filin: wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya noƙe, da garuruwan da ya ratsa kafin ya iso. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu a bakinsa. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, an ɗauke ta a lokuta dabam-dabam, kuma wanda ya saurari biyu daga ciki zai ji amshi ɗaya ne amma 'ya'yan sun sha bamban. Hausarsa kuwa ba ta da sarƙaƙiyar ta Narambaɗa, wadda wani lokaci sai an nemi dattijo ya warware. Magana ce ta kasuwa, miƙaƙƙiya, wadda Bahaushe da wanda ya koyi Hausa a bariki duk za su gane. Wasu masana suna ganin wannan ragi ne a fasaha. Amma da wannan sauƙin ne muryarsa ta kai Kumasi da Yamai da sauran zangon Hausawa, inda kirarin gidan sarautar Isa ba zai ce wa mai sauraro komai ba.

Sai dai 'yanci yana da farashi, kuma ba Shata kaɗai ya biya shi ba. Makaɗin da ba shi da albashin fada, ga makaɗa da 'yan amshi da sanƙira da direba duk suna ci a ƙarƙashinsa, dole kowane dare ya fitar da abincinsa daga aljihun waɗanda suka zo kallo. Makamansa biyu ne, yabo da zambo. Yabon ya kawo masa riguna da dawaki da motoci da kujerun Makka. Zambon kuwa shi ne ya sa ake shakkarsa, har jama'a da yawa suka yi imani cewa wanda Shata ya sa a gaba ba ya ƙarewa lafiya, kuma ba shakka akwai waɗanda suka yi masa kyauta don tsoron bakinsa, ba don ƙaunar waƙarsa ba. Akwai mutanen da ya muzanta waɗanda ba su da bakin ramawa, 'ya'yansu da jikokinsu kuma suna ji ana kaɗa abin a rediyo. Ya kuma yabi masu dukiya ba tare da ya tambayi inda dukiyar ta fito ba. Da 'yan'uwansa mawaƙa ma bai zauna lafiya da kowa ba, takun-saƙarsa da Amadu Doka mai kukuma da Ali Makaho sanannen abu ne. Malamai kuma ba su taɓa yafe masa waƙar da ya yi wa mashaya ba, ko da yake bakin nan da ya yi ta shi ne ya yi waƙar yabon Annabi wadda har yau ake saurare da natsuwa. Makaɗin fada yana da wanda zai tsawata masa in ya wuce gona da iri. Shata ba shi da shi, kuma an ga amfanin haka an ga illarsa.

Na'ura ce ta ƙarasa abin da yawo ya fara. Da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, muryar Shata ta shiga gidajen da shi kansa ba za a bari ya taka zaurensu ba, matan kulle suka haddace waƙoƙinsa, masu aiko da takardun zaɓe suka riƙa nemansa. Kamfanin EMI ya buga masa faya-fayen garmaho. Sa'an nan kaset ya zo. Ma'aikatan gwamnati da suka ga zamanin ba za su manta da kuɗin Udoji na 1975 ba, lokacin da akawu da malamin makaranta da masinja kowa ya sayi rediyo mai kaset ya rataya. Daga wannan lokaci sana'ar waƙa ta fita daga hannun kamfani. Duk mai rakoda biyu da igiyar haɗa su ya zama mai buga waƙa: ya sayo kaset ɗaya, ko ya ɗauko a wurin biki, ya juya shi sau ɗari, ya rubuta suna da biro a jiki, ya baza a tebur a tasha ko a kasuwar ƙauye, ya ɗaura lasifika. Ta wannan hanya ce mai shayi a Ɗambatta da mai awon hatsi a Maraɗi da ɗan ci-rani a Legas suka mallaki Shata, ba ta kantin kamfani ba.

Daga cikin wannan ciniki mai yawa, abin da ya koma aljihun mai waƙar bai taka kara ya karya ba. Dokar kare haƙƙin mallaka mai ɗan ƙarfi ba ta fito ba sai a 1988, kuma ko bayan fitowarta ba ta isa teburin mai kaset na bakin tasha ba. Amma lissafin Shata ba irin na mawaƙin kamfani ba ne, wanda abincinsa ke rataye a kan yawan faifan da aka sayar. Shi kuɗinsa a fili suke, a wurin biki da wurin wasa, kuma kowane kaset da aka juya ba da izninsa ba talla ce da ke jawo masa wata gayyata, tana kuma ƙara wa wanda aka ambata a ciki sha'awar a sake ambatarsa. Attajirin da ya ba da mota ya san sunansa zai shiga kowace tasha daga nan har Gwanja. Asarar ta gaskiya a wani wuri take: babu wanda ya tsare asalin abin da aka ɗauka, babu wanda ya rubuta rana da wuri, kuma shi kansa Shata bai san adadin waƙoƙinsa ba. Abin da ya saura a yau, wanda matasa ke aika wa juna a waya ko su ɗora a YouTube, yawancinsa daga irin waɗannan kaset na kasuwa aka kwaso shi, da ƙarar iska da hayaniyar 'yan kallo a ciki.

A ƙarshen shekarun 1970 samarin mawaƙa a Ingila da Amurka sun yi ta alfahari da cewa sun ƙi manyan kamfanoni, suna buga faya-fayensu da kansu, suna wasa a ƙananan ɗakuna. Abin da suka ɗauka sabon juyi ne, makaɗin kalangu ya riga ya shekara 30 yana yin irinsa, ba don aƙida ba, don haka ya tarar da duniyarsa. Kusa da gida kuma akwai Fela Anikulapo Kuti a Legas, wanda shi ma ya ƙi zama a ƙarƙashin kowa, har sojoji suka ƙone gidansa a watan Fabrairu na 1977. Amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Fela ya tunkari hukuma gaba da gaba. Shata bai yi faɗa da sarauta ba, bai kuma yi da gwamnati ba. Ya ci da su, ya yi musu waƙa, har hukuma ta riƙa amfani da muryarsa wajen faɗakar da jama'a. Abin da ya ƙi shi ne ɗayansu ya ce shi nasa ne shi kaɗai.

Siyasarsa ba ta yi tsawon da za a daɗe a kanta ba. An zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, lokacin Musawa tana ƙarƙashinta. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. A zamanin jam'iyyu biyu na mulkin Janar Babangida ya zama shugaban SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar na Jihar Katsina. Wanda ya san halinsa ba zai yi mamaki ba, gama jam'iyya ma wata irin fada ce.

Girmamawa ta zo masa daga inda ba a zata ba. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kan Shata ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, a lokacin da 'yan boko da yawa ke ganin kiɗan kalangu bai isa a kai shi aji ba. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ɗan tallan goron Musawa wanda bai taɓa zama a benci ba ya sa rigar malanta, jama'a kuma suka ƙara masa Dokta a gaban sunansa suka riƙe. Ya kai kalangu ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

A cikin dukan manyan da ya yi hulɗa da su, irin su Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Zazzau Shehu Idris, babu wanda ya shiga ransa kamar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Ya yi masa waƙoƙi da dama, cikinsu har da waɗanda ake lissafawa a sahun gaba na aikinsa, kuma Daura ta zama masa wurin zuwa a kai a kai. Duk da haka bai tare a can ba, bai zama makaɗin fadar Daura ba. Yakan zo, a yi masa karɓar baƙo mai daraja, ya yi kwanakinsa ya koma Funtuwa. Zumunci ne na mutum biyu da kowannensu ke da gidansa.

A shekarunsa na ƙarshe ciwo ya kama shi. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki ya ɗan sami sauƙi, sa'an nan jikin ya sake tashi aka mayar da shi asibiti a Kano, inda ya cika yana da shekara 76. Ya bar matan aure 3 da 'ya'ya 19. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya yi yawancin rayuwarsa ba. Bisa ga abin da shi kansa ya nema tun yana da rai, Daura aka nufa da gawarsa, Sarki Muhammadu Bashar ya tsaya a kan jana'izar, aka sa shi a makwancinsa a garin.